Anti Babba Ta Shigo, Makirfo Yana Kunne

Ku da kuka saba leƙo ni a nan, ku gyara zama. Yau ban zo da lallashi ba, kuma duk wadda take shirin rubuto min "ki yi haƙuri 'yar uwa", ta adana datarta.

Wanda bai san ni ba kuma, ni ce autar gidanmu, Auta kowa yake kirana har mai kawo mana takardar wuta. Sana'ata gyaran sautin fim. Idan kina kallon fim kika ji takun jaruma ya faɗa daidai da ƙafarta, ko kukanta ya fito tas babu ƙugin janareta a bayansa, to irina ce ta zauna ta sha wannan wahalar, ba wanda ya san fuskarta.

Ba a aji na koya ba. A intanet na koya, a wani dandali na masu tace fim da masu haɗa sauti, inda manya a sana'ar suke ɗora darussa, suke amsa tambayar duk wanda aiki ya cije masa. Matsalar ɗaya ce, dukansu da yaren waje suke yi, ga sauri kamar ana korarsu. Sai in tsayar da bidiyo, in nemo ma'anar kalma, in koma baya, in sake tsayarwa, har idona ya yi ja. Shi ya sa da hannuna ya faɗa, na roƙi masu dandalin suka ware min sashe, na buɗe namu da Hausa. Darussa ne a ciki, da wurin tambaya, da rumbun sauti wanda kowa zai iya saukewa ya sa a aikinsa: kukan ƙyauren da ya rasa mai, ruwan sama a kan kwano, silifa a kan siminti, cokali yana kewaya kofi. Fuskata ba ta taɓa fitowa ba. Allon kwamfuta ake gani, sai muryata ake ji.

Ɗakina kuwa in kin shigo sai kin yi dariya. Na kwashe tufafin da ke kabad ɗina na zuba a akwati, na manne cikinsa da tsofaffin barguna, nan nake cusa kai in ɗauki murya don kada ta yi amsa-kuwwa. Har yau Umma tana neman bargonta mai zanen damisa, ni kuma har yau ina taya ta nema.

Sai Injiniya. Kada ma ku fara, ba wanda ya haɗa ni da shi, ni na ji ina sonsa. Injiniyan lantarki ne. Akwai lokacin da wani siririn ƙugi ya addabi duk abin da na ɗauka. Na canza makirfo, na canza igiya, a banza. Na tambaya a dandali aka ce in nemi wanda zai duba wutar ɗakin. Yaya, babban wanmu, shi ya kawo shi. Ya zo da 'yar jakarsa, ya durƙusa a bayan teburina da farar rigarsa, ya kwance soket, ya ɗaure wata wayar wuta da ta saki, ya ce, "Sa abin kunnenki ki ji." Na sa. Shiru. Wallahi irin shirun da na daɗe ina nema. Na ɗago na kalle shi, shi ma ni yake kallo, yana murmushi da sukudireba a hannu. Sauran ba sai na ƙarasa muku ba. Yanzu har manya sun shiga maganar.

Abin da ya dagula mana ruwa, wani marar kunya ne ya rubuta a ƙarƙashin darasina: "Ni ba gyaran sauti ya kawo ni ba, muryar Malama nake zuwa ji." A ranar na toshe shi, masu dandali suka kore shi. Amma kafin nan wani ya ɗauki hoton rubutun, ya bi hannu-hannu har ya sauka a wayar Anti Babba. Ita ce yayar Injiniya, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma in ta yi tari a gidansu har maƙwabta sai sun ce sannu.

Da safe ina shafa mai saƙonsa ya shigo.

"Barka da tashi, Autar Umma. Anti Babba za ta shigo gaishe ku da yamma. Don Allah ki sa doguwar rigar nan ruwan toka."

"Allah ya kawo ta lafiya. Amma ka tuna ina da darasi kai tsaye da yamma, na faɗa maka tun tuni."

"Ki ɗaga shi."

"Ba zai ɗagu ba."

"Auta, mun yi maganar nan fa. Shafin darussan nan naki dama rufe shi za a yi kafin biki."

Na daɗe ina kallon wannan "za a yi". Wa zai yi? Da hannun wa? Na rubuta masa, "Kai ka yi maganar. Ni saurare na yi." Ya karanta, na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake farawa, ya sake gogewa. Daga ƙarshe bai turo komai ba.

Bari in faɗa muku dalilin da ya sa darasin ba zai ɗagu ba. Akwai wata ɗalibata, Maman Biyu muke ce mata. Ban taɓa ganinta ba, muryarta kawai na sani da kukan tagwayenta. Tun da mijinta ya yi hatsari ya zauna a gida, ita take tace bidiyon taro da na makarantu a kan teburin cin abincinsu. Kwanan nan ta samu babban aikinta na farko, wani ɗan gajeren fim a kan wata tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin unguwarsu. An yi hirar a ɗaki mai tsohuwar fanka, ƙarar fankar ta haɗiye muryar tsohuwar. Kafin a koma a sake ɗauka, Allah ya yi mata rasuwa. Mai fim yana jiran aikinsa, 'ya'yan marigayiya suna jiran su ji muryar uwarsu, Maman Biyu kuma ta turo min saƙon murya tana kuka. Na yi mata alkawari za mu gyara tare a gaban kowa, don wasu ma su koya. Ku faɗa min, ta wane baki zan ce mata ta jira, dangin saurayina za su zo shan lemo?

Bayan azahar Yaya ya shigo gida ko sallama bai gama ba ya wuce falo. Ina kicin ina jera kofuna a faranti na ji ƙaram, na leƙo, sai na gan shi yana naɗe igiyar na'urar intanet ɗinmu a hannu.

"Yaya, me ya same ta?"

"Hutu za ta yi yau." Ya cusa ta a aljihun rigarsa, igiyar tana lilo. "Ke ba kya jin magana ko? Mutum kamar Injiniya, ga hankali ga aiki, ki tsaya kina masa gardama a kan surutun da kike yi da garada a intanet?"

"Rabin ɗaliban mata ne, Yaya."

"Ɗaya rabin fa?"

"Su ma 'ya'yan mutane ne."

Ya nuna ni da ɗan yatsa. "Ki ba mu kunya yau ki gani."

Na kalli ƙofar ɗakin Baba. A rufe take, rediyonsa yana magana ƙasa-ƙasa. Tun da aka fara rigimar nan Baba bai ce uffan ba. Shi mutum ne da zai iya wuni bai furta abin da ya wuce "an gode" ba, kuma bai taɓa tambayata me nake yi a cikin kabad ba.

Na sa rigar ruwan tokan, ba don an ce in sa ba, don tana min kyau. Na ɗaura ɗankwali baƙi, na yafa mayafi mai ƙananan duwatsu a gefe, na zizara kwalli. Anti Babba ta iso bayan la'asar, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Leshi ne a jikinta ruwan zuma, awarwaro har tsakiyar hannu, jaka da takalmi kala ɗaya. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, na zuba mata lemo, na matso mata da faranti. Ta yi min kallon sama da ƙasa, ta ce da Umma, "Masha Allah, tana da natsuwa a ido."

A ido. Na ji, na haɗiye.

Aka taɓa hirar tsadar kaya, aka taɓa ta ciwon gwiwa. Ni idona yana kan agogon bango. Da lokaci ya yi na gyara mayafi na ce, "Anti, ki yi min izini, ina da aiki na ɗan lokaci, zan dawo."

Yaya ya zaro ido. Umma ta riga shi magana. "Je ki, Auta." Ko kallonsa ba ta yi ba, lemo take ƙara wa baƙuwa.

Yaya ya manta abu ɗaya, wayata tana da data. Na haɗa ta da kwamfuta, na tura ƙofa, na sa abin kunne, na jawo makirfo. Sunaye suka fara bayyana a gefen allo, wasu daga garuruwan da ban taɓa takawa ba. Maman Biyu tana can sama, ta riga kowa.

Na yi sallama na ce, "Kafin komai, kowa ya ajiye kwafin sautin na asali a gefe. Ba a wasa da muryar da ba za a sake samu ba." Na kunna musu hirar yadda take, fuuu fuuu na fanka, tsohuwar tana can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Na ce, "Yanzu ku nemo min wurin da ta yi shiru tana numfashi, inda fanka kaɗai ke magana. Nan za mu nuna wa manhajar gyaran sautin, mu ce mata ga abokin gabarmu. Amma kada ku cire shi gaba ɗaya a tashi ɗaya, muryar za ta koma kamar ana magana a cikin gwangwani. Kaɗan-kaɗan za ku rage, kuna ji, kuna komawa. Ku bar ɗan numfashin ɗakin, don kunne ba ya yarda da shirun da ya yi yawa."

Ina cikin ja da ragewa, ban ji buɗe ƙofa ba. Turaren na fara ji.

Na waiga. Anti Babba ce a tsaye a kaina, ta riƙe ƙugu, tana ƙare wa kabad da barguna kallo. Umma tana bayanta a bakin ƙofa, fuskarta tana ce min, na yi iya yina. Na zame abin kunne gefe ɗaya, na buɗe baki in ce mata ana jinmu, ta ɗaga min hannu.

"A'a, bari in gama. Ashe nan ne shagon. Kin bar ni a falo kamar wadda ta zo roƙo, kin shigo kina yi wa mazan duniya rangwaɗa da murya. To ki buɗe kunnenki. Ƙanina ba zai auri matar da kowane ɗan tasha yake da muryarta a aljihu ba. Mu a gidanmu mace ba ta—"

"Anti, makirfo—"

"Kada ki katse ni! Cire wannan abin in ina magana!"

Ta miƙo hannu ta fizge abin kunnen. Igiyarsa ta zare daga kwamfuta, sautin ya koma lasifika. Sai ga muryar tsohuwar ta cika ɗakin, tas, a hankali, kamar tana zaune a bakin gadona: "...na ce mata riƙe hannuna 'yata, ba ke kaɗai ba ce a ɗakin nan."

Ni kaina lokacin na fara jinta sosai.

Daga nan wata murya ta fito daga lasifikar, tana rawa, ga kukan jariri a bayanta. "Hajiya, don Allah ki yi haƙuri, ni ce Maman Biyu. Muna jinki duka. Ni dai ba ɗan tasha ba ce."

Na kashe makirfo da sauri. Amma ai an riga an ji. Anti Babba ta kalli lasifika, ta kalle ni. Ta saki abin kunnen a kan gado, ta juya, awarwaronta suna kaɗawa har falo. Na ji Umma tana bin ta da ban haƙuri, na ji Yaya yana rantsuwa, na ji an rufe ƙofar gida da ƙarfi.

Kun san me na yi? Na mayar da igiyar, na kunna makirfo. Na ce, "Ku gafarce mu. Mun tsaya a ina? Maman Biyu, koma wurin da ta yi dariya, akwai saura a can." Na kai darasin har ƙarshensa. Da muka gama ta kunna nata daga ɓangarenta, ya fito daidai da nawa, ta fashe da kuka, ni ma na juya wa allo baya duk da ba mai ganina.

Ban gama naɗe igiyoyi ba saƙo ya shigo. "Ina ƙofar gida. Fito."

Rana ta yi sanyi, ana shirin magariba. Yana jingine da motarsa da kayan aiki a jiki, rigar nan mai aljihu da yawa, takalminsa duk ƙura. Daga wurin aiki ya taho. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai amsa gaisuwata ba, wayarsa ya miƙo min. Wani a cikin masu sauraro ya naɗi wurin, ya yanko shi, ya ɗora a wani zauren hira na waya. Muryar Anti Babba ce tana cewa "kowane ɗan tasha", a ƙasa mutane suna ta zuba alamar dariya.

Wannan kam bai min daɗi ba.

"Matar da ta goya ni, Auta. Tana mota tana kuka ta kira ni."

"Wannan ba daidai ba ne, kuma ba zan bar shi ba. Yanzu zan yi wa masu dandali magana a nemo wanda ya yanka, a sa shi ya sauke. A darasin da zan ɗora ma zan cire wurin gaba ɗaya. Ba ta san ana jinta ba, ba wanda yake da ikon yawo da muryarta. Kuma gobe zan je har gida in ba ta haƙurin barinta da na yi a falo."

Kafaɗunsa suka ɗan sauka. "Yauwa. Sai ki rufe shafin, a wuce wurin."

"A'a."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Haƙuri zan bayar a kan abin da na yi. Shafin ba laifi ba ne, ba zan ba da haƙurinsa ba."

"Ko da a kansa za mu rabu?"

Wallahi tambayar ta soke ni. Ina son mutumin nan, ku shaida. Ina son yadda yake tsayawa ya saurari abu har ƙarshe, ina son yadda yake gaishe da Umma yana sunkuyar da kai. Na ji hawaye yana tahowa na danne shi da ƙarfi, don na san in ya zubo zai ɗauka na sauko.

"A cikin aikin nan ka same ni," na ce. "Ban ɓoye maka ba, ban yi maka alkawarin bari ba. Wani ya yi rashin kunya, an kore shi. Yanzu ni ma a kore ni? Kai in wani ya zage ka a wurin aiki, ajiye aikin kake yi ka koma gida?"

"Ba ɗaya ba ne."

"To faɗa min bambancin, ina jinka."

Ya shafa kansa, ya kalli titi, ya ce a hankali, "Ni ba zan iya tsayawa tsakaninki da Anti Babba ba. Bari in ga Baba. Shi zai faɗa miki."

"Bismillah," na ce, na matsa masa hanya.

Ba sai da muka nemi iso ba. Baba yana zaune a falo a kujerarsa, ya kashe rediyo, hularsa a kan gwiwa. Yaya yana tsaye yana ta zuba, wai ni na zubar da mutuncin gida, ni na kori arziki da hannuna. Umma tana gefe tana tattara kofunan da ba a shanye ba. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin ladabi, bai ƙara ba bai rage ba, wannan kam na shaide shi. Baba ya saurare shi har ya dasa aya. Ya saurari Yaya. Ni bai tambaye ni komai ba.

Ya daɗe yana juya hular a hannu. Sannan ya ɗago ya kalli Yaya.

"Kai ka taɓa jin darasin nata?"

Yaya ya yi turus. "Baba, ai ba sai na—"

"Kai fa?" Ya juya wurin Injiniya.

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa ji har ƙarshe ba, Baba."

"Ni ma haka." Ya ɗora hular a kansa, ya gyara zama. "Auta, ɗauko kwamfutar. Ki kunna na yau tun daga sallama, kada ki tsallake ko'ina, har da wurin baƙuwar. Kowa ya zauna. In an gama zan yi magana, kuma in na yi, ba wanda zai ƙara a kai. Har ke."

Har ni. Na shiga ɗaki na ɗauko ta, na ajiye a kan teburin tsakiya, na juya lasifika ta fuskanci Baba. Ban san wane ɓangare zai faɗa ba, fuskarsa ba ta nuna komai. Abin da na sani kawai, babu kalma ɗaya a ciki da nake jin kunyarta.

Na kalli Injiniya, ya kalle ni. Na danna.